Humrar da Ba Ta Cikin Bidiyo

Asabar, 5 ga Rabi'us Sani, bayan la'asar

Yau na buɗe darasi da abin da kusan kowa yake ruɗewa a kai, har da ni kafin in zauna in karanta ƙa'idojin da idona. Mutane suna ɗauka cewa idan aka yi ciniki a kasuwar intanet, akwai wani alƙali a cikin waya wanda ya san mai gaskiya. Babu shi. Manhajar ba ta san mai gaskiya ba, abin da aka nuna mata kawai ta sani. Mai saye ya biya, kamfanin biyan kuɗi ya riƙe kuɗin a tsakiya har kaya su isa. In gardama ta tashi, sai a duba hoton da aka yi talla da shi, da shaidar masu kai kaya, da saƙonnin da aka yi a cikin manhajar. Da wannan ake kare mai saye, da shi kuma ake kare mai sayarwa.

Shekara huɗu da barinmu Zariya don karatun mijina, Malam Abdulhafiz, sai yanzu digirina na kasuwanci ya sami amfani, a falon Hajiya Ɗaso a nan unguwar Ka'akiyya, cikin Makka. Ɗalibaina uku ne kacal, amma surutunsu na mutum goma ne. Lujain jikar Hajiya ce, tana ɗinka fararen kayan salla na mata, da aikin zare a gefe wanda in ka gani sai ka sake kallo. Manar ita ce mai ɗaukar hoto. Basma har yanzu tana tunanin abin da za ta sayar, kuma wata biyu ke nan tana tunanin.

Na sa sun maimaita ƙa'idojina uku. Abin da ke hoto shi ke shiga kwali. A ɗauki bidiyo ana rufe kwalin. Kada a fita daga manhaja a yi magana a gefe.

Manar ta ce, "Abla," haka suke kiran malama a nan, "ko Fatiha ba mu maimaita ta haka ba."

Na ce ai ita Fatiha sun riga sun iya.

Muna cikin dariya wayar Lujain ta yi ƙara. Ta duba, ta sake dubawa, ta miƙo mini. "Abla, wallah an saya." Wata mata ce mai suna Nora, daga birnin Dammam, can gabashin ƙasar. Cinikin farko tun da Lujain ta buɗe shagonta a manhajar. Hajiya ta fito daga kicin ta yi guɗa, Basma ta toshe kunnuwa.

Abu ɗaya ne ya ɗan rage mana murna. Baban Lujain, Malam Hamad, direban bas a unguwar Aziziyya, bai so wannan sana'a ba tun farko. Da ya yarda, sharaɗi ya kafa a gabana: duk ranar da aka kawo ƙara ɗaya a kan shagon, an rufe shi. Ya ce ba zai bari a riƙa jan sunan 'yarsa a gaban mutanen da bai sani ba. Na ce masa in dai an bi ƙa'ida, ƙara ba za ta zo ba. Da bakina na faɗa.

Litinin, 7 ga wata, da hantsi

An rufe kwali. Manar ta riƙe waya, Lujain ta baza kayan a gaban kyamara, gaba da baya, fari fat. Ta ninke, ta sa a leda, ta sa a kwali, ta manne da salatif, ta ɗora a sikelin kicin na Hajiya. Giram ɗari shida da ashirin. Ta karanta lambar da ƙarfi kamar mai karanta labarai. Na ji daɗi har cikin raina.

Tana da jarrabawa a kwaleji ƙarfe goma, sai na ce ta bar mini kwalin, dama zan shiga Aziziyya, zan miƙa a ofishin masu kai kaya.

Hajiya ta rako ni har ƙofa. Shekara arba'in ta yi tana sayar wa alhazai turare, daga Mina har bakin masaukansu, kuma a cewarta babu wanda ya taɓa tashi daga gabanta ba ta ƙara masa gyara ba. Ta kama hannuna, ta sa mini wani abu, ta naɗe yatsuna a kansa.

"Cinikin fari ne, Malama. Kaya ba sa fita daga gidan nan tsirara."

Na ce, "Hajiya, an riga an rufe."

"Da ƙarfe aka rufe?"

A hanya na tsaya a wani kanti na sayi salatif. An karɓi kwalin, an ba ni rasit, lambar bin sawu ta tafi wayar Lujain kai tsaye. Har yanzu tafin hannuna yana ƙamshi.

Alhamis, 10 ga wata, bayan azahar

Kaya sun isa Dammam. Lujain ta turo mini hoton alamar, da zukata har layi biyu. Yanzu saura matar ta danna cewa ta gamsu, a sakar wa Lujain kuɗinta. Na dafa wa Malam shinkafa da wake don murna, ya tambaye ni ko shi aka sayar.

Juma'a, 11 ga wata, bayan la'asar

An kawo ƙara.

Asabar, 12 ga wata, bayan la'asar

Ba mu yi darasin da na shirya ba. Mun zauna a kan darduma, wayar Lujain a tsakiya. Hotuna huɗu matar ta tura wa kamfanin. Farin kayan da tabo ruwan ƙasa a ƙirji, faɗinsa ya kai tafin hannu. A hoto na ƙarshe akwai wata 'yar kwalba, murfinta ya fita, an naɗe ta da takardar goge hannu. Ta rubuta cewa ba ta yi odar turare ba, kuma ya lalata mata abin da ta saya don mahaifiyarta.

Kamfanin ya ba Lujain kwana goma ta amsa. Kuɗin suna nan a riƙe. In hujjarta ta fi ƙarfi, za a soke ƙarar kamar ba a taɓa yin ta ba, a sa wa matar alamar mai ƙarar ƙarya. In ba haka ba, ƙarar za ta zauna a fuskar shagon, kowa ya gani, har da Malam Hamad.

Lujain ba ta yi kuka ba. Fushi ta yi, irin mai sa mutum ya yi ta magana da sauri. "Turarenta ne ya zube, take so ta ɗora mini. Abla, ba ga bidiyo ba? Wace kwalba? Ina kwalba a nan?"

Manar ta kunna bidiyon sau uku. Babu kwalba. Tsaf yake, ko ni da na koyar ban taɓa ganin mai kyau kamarsa ba.

Basma ta ce, "Ni shi ya sa nake tunani tukuna."

Manar ta ce, "Ke ai sai kin yi jika za ki gama tunanin."

Suka juyo gare ni. Lujain ta ce, "Da ba don ke ba, Abla, da yanzu ba ni da abin nunawa. Allah ya saka miki." Na ce kada ta yi gaggawar amsawa, akwai kwanaki, mu bari zuciya ta huce, mu rubuta tare ranar Asabar mai zuwa. Shawara ce mai kyau. Ko a wane hali ma ita zan bayar.

Hajiya tana ɗaki tana sauraron karatu a rediyo. Babu wanda ya nuna mata hotunan, don idonta ba ya ganin abin waya. An dai ce mata wata mata tana ƙorafi, ta ce Allah ya shirye ta.

Lahadi, 13 ga wata, bayan asuba

Abin da ke hoto shi ke shiga kwali. Ni na rubuta wannan a allo da jan alƙalami.

Litinin, 14 ga wata, da rana

Ina neman katin bas a jaka sai hannuna ya taɓa rasit ɗin. A manhaja, masu kai kaya sun rubuta "ƙasa da kilo ɗaya" kawai. A takardar kuwa sun buga nauyin daidai: giram ɗari shida da sittin.

Na mayar da shi cikin jaka. Sauran salatif ɗin ma yana nan.

An yi zafi yau sosai. Na wanke labulayen falo duk da ba su yi datti ba. Na yi wa maƙwabciyata Aishat dambu, ta ce wane biki ake yi.

Laraba, 16 ga wata, bayan magariba

Malam ya ajiye cokali ya ce, "Malama Mairama, kwana uku ke nan miyar nan tana shan gishiri sau biyu. Ko dai ki faɗa mini abin da ke damunki, ko ki bar ni in koma cin burodin tamis a bakin titi."

Sai na faɗa masa. Humrar Hajiya ce, 'yar ƙaramar kwalba. Ni na yanke salatif ɗin a bakin kanti, na naɗe kwalbar da takarda, na cusa ta cikin ninkin kayan, na sake mannewa. Na san ƙa'ida, ni ce ma mai ƙa'idar. Amma da Hajiya ta naɗe yatsuna, Innata na tuna, wadda ko gishirin naira biyar ta sayar sai ta ƙara ɗan tsunkule a kai. Na ga kamar aika kaya ba gyara rowa ce. Ban kawo zafin cikin mota daga Makka zuwa Dammam a raina ba.

Malam ya saurara har na gama. Ban ji wa'azi ba, ko da yake na shirya masa. Ya tambaya, "In kin yi shiru, yarinyar za ta ci?"

Na ce za ta ci, babu ko shakka. Bidiyon ya isa.

"Shagon ya tsira ke nan."

"Ya tsira."

Ya ce, "Lujain tana da Abla mai koya mata yadda ake kare kai. Ita matar Dammam fa, wa take da shi?"

Na ce tana da hotuna huɗu da gaskiya. Ina faɗa na ji abin da na faɗa.

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da shan miyar, gishiri da duka. Mutumin kirki ne.

Alhamis, 17 ga wata, da hantsi

Na je wurin Hajiya lokacin da Lujain take kwaleji. Na same ta tana tankaɗe garin sandal. Na bayyana mata duka.

Da farko dariya ta yi har tana riƙe ciki. Daga baya ta ɓata rai. "Humrar da ta shekara a tulu? Ita take kira ɓarna? Matar gwamna ma ban ba ta irin wannan ba."

"Hajiya, farin kaya ne. Kuma ba ta nema ba."

"Ai gyara ba a nemansa, Malama. In an nema ya zama ciniki."

Na ce gaskiya ne a gaban tebur, inda mai saye yake ganin hannunki yana ƙarawa, ya yi godiya ko ya ce ya yafe. A nan kuwa mai saye yana nesa, bai ga fuskar kowa ba, hoto kawai ya gani ya amince. In abin da ya zo ya bambanta da hoton, ko da alheri aka yi nufi, amanar ce ta motsa.

Ta ajiye rariyar. "To Hamad zai rufe mata shago ke nan."

"Haka ya ce."

"Ɗana ne, na san taurin kansa, a wurina ya ɗauko." Ta share hannunta a zane. "Ki ce ni ce. Tsohuwa ce, ba ta san waya ba. Wa zai yi faɗa da ni?"

Na ce, "Ke kika bayar, Hajiya, amma ni na yanke salatif."

Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe. Da zan tafi ta sake kama hannuna a bakin ƙofa. Na buɗe tafin da sauri na duba. Dabino ne guda uku. Muka yi dariya mu biyu.

Asabar, 19 ga wata, kafin magariba

Na zo da wuri, na ja Lujain kicin kafin sauran su iso. Ta riga ta rubuta amsarta, ta haɗa bidiyon, saura dannawa. Ta fara karanta mini, da alfahari. Na ce ta dakata. Na ciro rasit ɗin na ajiye a kan sikelin nan na Hajiya, na nuna mata lambar, sannan na faɗa mata daga ina giram arba'in suka fito.

In Lujain ta yi fushi na gaske, Hausarta tana gudu. Larabci ta yi ta zubowa, ni kuma na tsaya na karɓa, don babu kalma ɗaya da ban cancanta ba. Ta ce mako guda tana zagin baiwar Allah a zuciyarta. Ta ce mako guda ina zaune kusa da ita ina ce mata ta huce. Wannan na biyun ya fi shiga ta, kuma ya fi shiga ni.

Da ta gaji, Hausar ta dawo a hankali. "Abla, in na tura bidiyon kawai, zan ci?"

"Za ki ci."

"Ke kuma?"

"Shagonki ne, Lujain. Ba zan rubuta wa kamfani a bayanki ba. Amma in Babanki ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba."

"Ba zai tambaya ba. In an soke ƙarar ba zai ma san an yi ba."

Na ce haka ne.

Ta ɗauki rasit ɗin ta ninke ta sa a bayan wayarta.

Mun yi darasi. Na faɗa wa Manar da Basma ma, don bai dace su riƙa maimaita ƙa'idar wadda ta karya ta ba su sani ba. Basma ta buɗe baki. Manar ta ce, "Ya'ni bidiyona da na riƙe hannu ko motsi babu, na ƙarya ne?" Na ce bidiyonta gaskiya ne har zuwa inda ya tsaya. Abin da ya faru bayan an kashe kyamara ne manhaja ba ta gani, kuma a nan ne ake buƙatar mutum.

Hajiya ta kawo shayi da na'ana'a. Lujain ta zuba wa kowa, ta tsallake ni. Manar ta tura mini nata a ɓoye.

Lahadi, 20 ga wata, da yamma

Babu saƙo. Na duba wayar har Malam ya ce in bar ta ta huta, ita ma baiwar Allah ce.

Gobe wa'adin zai cika.

Litinin, 21 ga wata, bayan azahar

Alhamdu lillah.

Ƙarfe sha ɗaya Lujain ta turo mini hoton abin da ta rubuta, ba sallama ba komai. Ta tura wa kamfanin bidiyon da rasit ɗin duka biyun. Ga matar kuma ta rubuta cewa ta yi gaskiya, daga gidansu aka sa kwalbar bayan an rufe kwali, al'adarsu ce a ƙara wa mai saye kyauta, amma kuskure ne a sa ba a faɗa ba. Ta ba ta zaɓi, ko a mayar mata da kuɗinta yau, ko a ɗinka mata sabo. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ambaci na Hajiya ba. "Daga gidanmu," ta ce.

Bayan awa ɗaya Nora ta amsa. Ta ce ta zaci za a ƙaryata ta, har ta fara shirin haƙura. Ta zaɓi sabo. Ta ba da lambar wayarta, ta ce su ƙarasa magana a can ya fi sauƙi. Lujain ta ce ta gode, amma su ci gaba a cikin manhajar, don kuɗin su zauna a riƙe har sabon ya isa hannunta, hakan ya fi kare su duka biyun.

Na karanta wannan layin sau biyar. Ƙa'ida ta uku. Aƙalla ɗaya daga cikinmu tana sauraron darasi.

Yanzu a fuskar shagon an rubuta: ƙara ɗaya, an warware. Ba ta goguwa.

Na kira Lujain na ce zan sayi sabon yadin. Ta ce a'a. "Amma kalmasa gefe naki ne, Abla. Da hannu. Kuma in ya karkace a warware a sake."

Na ce na yarda. Ta ce, "Tayyib," wato to shi ke nan, ta kashe. Ina jin an fara yafe mini.

Laraba, 23 ga wata, da rana

Mita uku da rabi na kalmasa. An warware mini sau biyu. Hajiya tana gefe tana ba da shawarar da ba a tambaye ta ba, Lujain tana ce wa kakar tata, "Sitti, ke dai ki zauna inda nake ganin hannayenki."

Lujain ta ce ita za ta nuna wa Babanta da kanta gobe, kafin wani ya nuna masa. Ta ce in zo.

Alhamis, 24 ga wata, bayan la'asar

Malam ya raka ni. Malam Hamad ya dawo daga aiki ko kayan bai cire ba. Aka gaisa, aka sha shayi, aka yi maganar zafi da cunkoson Aziziyya, sannan Lujain ta durƙusa ta miƙa masa wayar.

Ya sa tabarau. Ya karanta a hankali, yana motsa leɓe. Ya kalli hotunan tabon. Ya kalli bidiyon har ƙarshe. Na fara magana, ya ɗaga hannu, na yi shiru.

"Na ce ƙara ɗaya," in ji shi.

"Ka faɗa, Baba."

"Da bidiyon nan kaɗai kika tura, da an soke ta?"

"Da an soke."

"Kuma da ban sani ba."

"Eh."

"To me ya hana ki?"

Lujain ta ce, "Matar ba ta yi ƙarya ba, Baba."

Ya cire tabarau ya riƙe. A nan na samu na faɗi nawa, cewa ni na buɗe kwalin, ni na sa kwalbar, kuma ni ce na yi masa alkawarin ƙara ba za ta zo ba. Ya ce, "Malama, ke da kanki kika je kika sayo humra?" Ya juya a hankali ya kalli kujerar da Hajiya take. Ita kuma ta shiga gyara ɗankwalinta da himma.

"Ummi."

"Na'am."

"Ranar da na fara aiki a kamfanin bas, na sa sabon farin tob. Wa ya cusa mini kwalba a aljihu ban sani ba?"

"Don ka shiga da ƙamshi ne."

"Na shiga da tabo har cinya. Shekara biyu ana kirana Ango a gareji. Akwai wani Bayamane da har yau bai san sunana na gaskiya ba."

Malam Abdulhafiz ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, shayi ya sarƙe shi. Lujain ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa.

Malam Hamad ya mayar mata da wayar. "Wannan ƙara ba taki ba ce. Ta uwata ce, kuma ba ni da ikon rufe uwata." Ya ɗaga yatsa. "Amma daga yau, kwali daga hannunki sai hannuna. Ni zan kai. Kuma ta ƙofar baya zan fita."

Hajiya ta ce, "Ai ƙofar bayan ma tawa ce."

Lujain ta zuba shayi zagaye na biyu. Wannan karon ta fara da ni.

Talata, 29 ga wata, da hantsi

Sabon ya isa Dammam. Giram ɗari shida da ashirin ya bar gida, ɗari shida da ashirin aka buga a rasit. Malam Hamad ya ɗauki hoton takardar ya tura mana duka, har da Hajiya da ba ta gani.

Nora ta danna ta gamsu. Taurari huɗu ta bayar, ba biyar ba. Ta rubuta: "An yi kuskure, an jinkirta, amma mutane ne masu faɗin gaskiya." Lujain ta ɗan ji haushin tauraron da ya ɓata. Na ce wannan nawa ne, ta bar mini shi.

A ƙasa matar ta ƙara layi ɗaya. Mahaifiyarta ta ƙi yarda a jefar da mai tabon, da shi take salla a gida. Da aka karanta wa Hajiya, sai ta kalli kowa ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 3 ga Jimada Ula, bayan la'asar

Oda biyu a wannan makon. Lujain ta ƙara layi a tallarta, da hotonsa: ɗan ƙullin turaren wuta, busasshe, giram goma, a leda mai rufi, kyauta daga kakar mai shago, wanda yake so ya zaɓa. Duka biyun sun zaɓa. Hajiya ta ce gyaran da aka ɗauki hotonsa ba gyara ba ne, talla ce, amma da hannunta take ƙulla su, kuma sai an sa mata ido, don goma ɗinta yakan kai sha biyar.

Basma ta gama tunani. Jakunkunan saka za ta sayar, irin na zuba takalmi a Harami. Manar ta ce a rubuta ranar a tarihi.

Bayan darasi Basma ta tsaya ta ce tana jin tsoro, kada a kawo mata ƙara. Na so in sake karanto mata ƙa'idoji uku, sai na fasa. Na yanke shawarar ara mata waɗannan shafukan, daga biyar ga watan jiya zuwa yau, ko da yake ba don kowa na rubuta su ba.

To Basma, tunda kin kawo nan, ga aikinki na Asabar mai zuwa. Ki ɗauki jaka ɗaya daga cikin naki, ki yi mata hoto yadda take, da ɗan zaren nan da ya fito a gefe. Ki rufe ta a kwali Manar tana ɗauka, ki auna, ki rubuta nauyin a tafin hannunki. Sannan ki ɗauki kwalin da kanki ki bi ta ƙofar gaba, inda Hajiya take zama. Za ta gaishe ki, za ta sa miki albarka, za ta kama hannunki. Ki karɓa, ki yi godiya, ki sa a jakarki. In kika dawo mini da rasit mai lamba ɗaya da ta tafin hannunki, kin ci jarrabawar da malamarki ta faɗi.